Tambaya da Amsa: Neman Gurbin Ƙaramin Cocin Ƙauye da Ya Ɓace a Ingila

Wasiƙun wannan karon duk sun karkata ga abu guda: ƙananan coci-cocin ƙauyukan Ingila na tsakiyar zamani, daga ƙarni na 11 zuwa farkon na 16, waɗanda sunansu ya rage a takarda amma ƙasa ta haɗiye gurbinsu. Mun taƙaita tambayoyin, masu aikin binciken kufai suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin tarihi ne. Wata takarda ta shekarun 1300 ta ambaci ƙaramin coci a wani ƙauye na tsakiyar Ingila, amma yau ko kango babu. Ta yaya ginin dutse ke ɓacewa haka, kuma daga ina ake fara nema?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Fara da tantance irin ginin da kake nema, domin shi zai nuna maka takardun da za ka buɗe. A wancan zamani kowace gunduma tana da uwar coci guda, ita ke karɓar ushirin amfanin gona, a harabarta kuma ake binne mamata. Ƙauyen da ya yi mata nisa, ko wanda kogi ke yanke wa hanya idan ya cika, sai ya nemi izinin bishop ya gina ƙaramin coci a kusa. Akwai kuma wanda mai ƙasa ke ginawa a harabar gidansa, da wanda aka yi wa waƙafi domin fada, wato limamin coci, ya riƙa yi wa wani mamaci addu'a, da na bakin gada ko bakin idon ruwa. Da yawansu ɗaki guda ne, tsawonsa kamar mita 10 zuwa 15, faɗinsa 5 ko 6.

Hanyar ɓacewarsu biyu ce. Ta farko, mutane su watse. Annobar 1348 zuwa 1349 ta rage jama'a, daga baya masu ƙasa suka ga tumaki sun fi manoma kawo riba, suka tashi ƙauyuka suka mayar da gonaki makiyaya. Wharram Percy da ke Yorkshire, wanda Maurice Beresford da John Hurst suka shafe 1950 zuwa 1990 suna tonawa, haka ya zama kufai a wajen 1500, kuma irinsa sun kai kusan 3,000 a Ingila. Ta biyu ita ce dokar 1547 ta zamanin Sarki Edward na 6, wadda ta ƙwace waƙafin addu'ar mamata ta mayar wa gidan sarauta. Aka sayar da ƙararrawa da dalmar rufi, ginin ya zama na kowa. Sassaƙaƙƙen dutse kuɗi ne, maƙwabta sukan kwashe bango har su bi harsashi su tono shi.

Kafin komai, ka tuntuɓi ofishin rajistar wuraren tarihi na lardin, wanda ake taƙaita sunansa HER. Sau da yawa wani ya riga ka, ya bar rahoto. Ka duba kuma kundin tarihin larduna na Victoria County History da aka fara a 1899, idan ya taɓo gundumarka. Sannan ka shiga tsofaffin takardu. Rajistar bishop na ɗauke da izinin gini da naɗin fada. Ƙididdigar harajin coci ta Paparoma Nicholas na 4 a 1291 da ta Sarki Henry na 8 a 1535 sukan lissafa ƙananan coci a ƙarƙashin uwarsu. Rahotannin jami'an da suka zagaya a 1546 da 1548, waɗanda ke ma'adanar takardu ta ƙasa a Kew ƙarƙashin lamba E 301, su ne zinariya: sukan faɗi nisan ƙaramin cocin daga uwar coci da yawan masu halarta. Idan an ce mil biyu, ka sami da'irar farko a taswira, sai dai milin mutanen da ba lallai ya yi daidai da na yau ba, don haka ka bar wa da'irar sarari.

Abin da ya fi kai mutum wurin shi ne takardun cinikin gona da jerin filayen coci, domin suna bayyana iyaka da maƙwabta: eka kaza, hanyar maniƙa ta gabas, harabar coci ta yamma. Uku irin wannan sun fi dogon labari amfani. Wasiyyoyi ma na taimakawa: wanda ya bar kuɗin kyandir ga cocin waliyyi wane ya ba ka sunan cocin, ya kuma tabbatar yana tsaye a shekarar. Kada shirun kundin Domesday na 1086 ya karya maka gwiwa, masu rubuta shi haraji suka je ƙirgawa, coci-coci da dama ba su shiga ba.

TAMBAYA: Na ga wani fili a tsohuwar taswira mai suna Chapel Close, wato filin ƙaramin coci. Ba shi ke nan ba? Wata mai karatu.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari, amma suna ishara ce, bai kai hujja ba. Abu uku kan yaudari mutum a nan. Filin na iya zama gonar da ake biyan fada da kuɗin hayarta, alhali ginin na nesa da ita da kilomita guda. Sunan na iya fitowa daga ɗakin ibadar Methodist na ƙarni na 18 ko 19, wanda shi ma chapel ake kiran sa. Kuma suna na ƙaura: a haɗe filaye uku a ba su sunan ɗaya, ko a raba guda sunan ya bi rabin da babu komai.

Maganinsa bin taswira da baya da baya, daga ta yau zuwa mafi tsufa. Ki fara da bugun farko na hukumar zana taswira ta Ordnance Survey mai inci 25 a mil, wato 1:2500, wanda ɗakin karatu na ƙasar Sikotland ya sa a intanet kyauta har da na Ingila. Daga nan ki koma taswirar ushiri. Dokar 1836 ce ta sa aka zana su, kowane fili da lambarsa, tare da littafin da ke faɗin sunansa, mai shi, mai nomansa da girmansa. Kwafi uku aka yi, na gwamnati yana Kew a IR 29 da IR 30. Ba kowace gunduma ke da ita ba, musamman a tsakiyar ƙasar, inda aka riga aka warware batun ushiri lokacin killace gonaki. A nan sai ki nemi taswirar killacewar ko ta mai ƙasa.

Ki san ma'auninsu. Sarƙa guda yadi 22 ce, mita 20.12. Sarƙa goma ta ba da mita 201. Eka guda sarƙa ɗaya sau sarƙa goma ce. Taswira mai sarƙa uku a inci daidai take da 1:2376. Idan za ki ɗora tsohuwa a kan sabuwa a manhaja irin QGIS, ki kafa aƙalla maki shida a kan abin da ba ya motsi, kamar hasumiyar uwar coci da tsohuwar gada, ki watsa su ko'ina a taswirar. Kada ki dogara da lanƙwasar kogi ko shinge, suna sauya wuri. Takarda ma na miƙewa tana ƙanƙancewa, don haka kuskuren mita goma ko ashirin ba abin mamaki ba ne, ginin da kike nema kuwa bai fi haka ba.

Wani abu: idan kin ga Ordnance Survey ta sa alamar gurbin coci da tsohon salon rubutu, kada ki ɗauka an tona an gani. Sau da yawa abin da dattijon wurin ya nuna wa mai awo ne. Littattafan da aka rubuta madogarar sunayen kuwa, yawancin na Ingila sun ƙone a ruwan bama-baman da aka yi wa Southampton a 1940.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, filin ciyawa ce shimfiɗe, ido ba ya ganin komai. Hoton sama zai yi amfani?

AMSA: Ƙwarai, ɗan'uwa, iri biyu ma. Awon leza daga jirgin sama, wanda za ka nema da sunan LiDAR, Hukumar Muhalli ta Ingila na bayar da shi kyauta, maki guda a kowace mita. Ka ɗauki nau'in da aka cire bishiyoyi da gine-gine, ƙasa zalla. Kuskuren sabon shiga shi ne kallon hoto mai haske daga kusurwa ɗaya: duk tudun da ya miƙe daidai da hasken ba ya yin inuwa, sai ya ɓace. Bangon coci kuwa gabas da yamma ya miƙe, idan ka haska daga gabas ka rufe wa kanka ido. Ka juya hasken ta fuskoki takwas, ka kwantar da shi ƙasa-ƙasa.

Abin dubawa shi ne dandamali mai kusurwa huɗu a cikin ɗan kewaye na tudu ko gwalalo, kusa da kwarin tsohuwar hanya. Ka lura da kunyoyin garmar mutanen da: inda suka zo suka tsaya cak, suka kewaye wani ɗan fili, akwai abin da ya tare su.

Na biyu hoton da aka ɗauka daga sama lokacin ƙarancin ruwa ne. Ciyawar da ke kan harsashi ba ta da zurfin saiwa, ita ke fara ƙonewa, sai siffar ginin ta fito rawaya a kan kore. A kan tsohon rami kuwa shuka ta fi tsawo da duhu. Bazarar 1976 da ta 2018 sun tona asirin wurare masu yawa ta haka. Hotunan da sojojin saman Birtaniya suka ɗauka a ƙarshen shekarun 1940, waɗanda ke ma'adanar hukumar kula da wuraren tarihi ta Historic England a Swindon, suna da wata daraja ta daban: sun riga garmar tarakta mai zurfi da ta baje tudun wurare da dama.

TAMBAYA: Ƙungiyarmu ta masu sha'awar tarihi na iya aron na'ura guda kacal. Wacce za mu ɗauka, kuma yaya ake shimfiɗa aikin?

AMSA: Idan harsashin dutse kuke nema a fili buɗaɗɗe, ku ɗauki mai auna turjiyar ƙasa ga lantarki. Dutse busasshe ne, yana hana lantarki wucewa, awonsa sai ya yi sama. Rami mai danshi ya yi ƙasa. Firam ne mai tsinke biyu, rabin mita a tsakaninsu, ana soka su a ƙasa, ga wasu biyu a kafe can nesa da waya ta haɗa. Na nesan su kasance aƙalla mita 15 daga inda ake awo, wato ninki 30 na tazarar tsinken hannu, in ba haka ba lambobi za su riƙa zamewa yayin da kuke matsowa kusa da su. Da wannan tazara na'urar na jin abin da bai wuce mita guda a zurfi ba, kuma nan harsashin yake galibi.

Ku raba filin gida-gida, mita 20 sau 20. A ja layin tushe da tef, a fitar da kusurwa da awon 3, 4, 5, a tabbatar da tsallaken kusurwa zuwa kusurwa: 28.28 ne, idan ya saɓa a sake. Awo a kowace mita zai ba da 400 a gida guda, ya isa neman wuri. Amma bangon da bai kai mita ba a kauri na iya sulalewa tsakanin awo biyu, don haka inda kuka ga alama ku maimaita a rabin mita, awo 1,600. Ku ɗan karkatar da gidajen daga gabas da yamma, kamar da digiri 30, domin bangon da ya bi layin tafiyarku yakan yi kama da kuskuren na'ura, manhajar gyaran hoto ma ta share shi. Kuma a ɗaure fegi biyu da wani abu tabbatacce, ko a ɗauki lambarsu da GPS na masu awon ƙasa. Hoto mai kyau da ba a iya komawa gurbinsa ba aikin banza ne, GPS na wayar hannu kuwa kuskurensa ya kai mitoci.

Lokaci na da muhimmanci. Ƙasa ta bushe ƙayau, tsinke ba ya kama lantarki. Ta jiƙe sharkaf, bango da rami duk su zama ɗaya. Matsakaicin danshi ake so. Inda aka kwashe harsashi kuwa, ramin na iya fitowa sama idan ɓaraguzai suka cika shi, ko ƙasa idan turɓaya ce, don haka siffa za ku duba, kada ku tsaya ga launi.

Mai auna maganaɗisu ta fi sauri nesa ba kusa ba, tana nuna gwalalo, murhu da duk inda wuta ta ci, har ramin da aka narka ƙararrawa. Ta fi dacewa da zana ƙauyen gaba ɗaya. Sai dai dutsen farar ƙasa kusan ba ya yi mata magana, shingen waya ko bututun ƙarfe kuma na makantar da ita mitoci da dama, mai riƙe ta ma dole ya rabu da zif, makulli da takalmi mai ƙarfe. Rada mai leƙa ƙasa ita ce ta kan kwalta da daɓe, tana kuma ba da zurfi, amma jiƙaƙƙen yumɓu na shanye siginarta. Ko a Leicester, binciken rada na 2011 bai fayyace cocin Greyfriars ba, saboda tarkacen gine-ginen baya. Taswira da takardu ne suka nuna wani wurin ajiye motoci a matsayin gurbinsa, a 2012 aka yanka ramuka daga arewa zuwa kudu domin su gitta bangayen da suka miƙe gabas da yamma, aka dace da cocin da kabarin Sarki Richard na 3. Dabarar gittawar nan ita ce ta kowane coci, babba ko ƙarami.

Kafin ku taka filin, ku sami izinin mai shi da na mai haya a rubuce. Idan wurin na cikin jerin wuraren da dokar 1979 ta kare, ko na'urar awo ba a shiga da ita sai da lasisin sashe na 42 daga Historic England, tono kuwa izininsa daban ne.

TAMBAYA: Mun haƙa ƙananan ramukan gwaji inda na'ura ta nuna gini, ba mu ga kabari ko ɗaya ba. Mun yi kuskuren wuri ke nan?

AMSA: Ba lallai ba. Uwar coci ba ta sakin haƙƙin binnewa cikin sauƙi, domin kuɗin shiga ne, saboda haka ƙananan coci da yawa ba su taɓa samun maƙabarta ba, ana ɗaukar gawa har uwar coci komai nisa. Rashin kabari bai kore komai ba. Samunsa ma ba ya nufin takarda za ta san da wurin: a Raunds Furnells da ke Northamptonshire an tono ɗan ƙaramin coci na ƙarni na 10 da kaburbura sama da 360, ba wanda ya san da shi kafin tonon.

Abin da ke rarrabe coci da rumbu ko gida shi ne tarin ƙananan shaidu: gutsattsarin gilashin taga mai zane, wanda ƙasa kan mayar baƙi har a ɗauka dutse ne, siraran dalma masu kwari biyu da ke riƙe gilashin, tayil ɗin daɓe mai sheƙi, farar shafe mai fenti, dutsen rufi mai hudar ƙusa, da sassaƙaƙƙen bakin taga. A ƙarshen gabas a nemi tushen bagade manne da bango ko kusa da shi, ƙofa kuma galibi a bangon kudu, ta wajen yamma. Abin da babu ma shaida ne: ba murhu a tsakar ɗaki, fasassun tukwane da ƙasusuwan abinci kaɗan. Kada ku matsa wa kamfas, coci-coci da dama sun kauce daga gabas ta ainihi da digiri goma ko fiye. Idan kuma na katako ne, ramukan ginshiƙai kawai zai bari, wannan sai gwani.

Ramin gwaji mita ɗaya sau ɗaya ne, ana sauka santimita 10 a kowane zango, a rairaye ƙasar a rariya mai ido milimita 10, kayan kowane zango a jakarsa da lambarsa. Da kun iske saman bango ko daɓe ku tsaya, ku share, ku ɗauki hoto da sandar awo, ku zana, ku mayar da ƙasa. Ratsa daɓe na lalata abin da zai ba da shekarun ginin.

Idan ƙashi ya fito da ake zaton na mutum ne, a dakata nan take, a rufe, kada a ɗaga, a sanar da 'yan sanda da masanin kufai na lardi. Dokar binnewa ta 1857 ta hana motsa gawa sai da lasisi, yau Ma'aikatar Shari'a ke bayarwa, ko izinin kotun coci idan filin na ƙarƙashin Cocin Ingila. Kabarin Kirista na lokacin kai na yamma, ƙafa na gabas, ba kaya, sai fada da akan sa wa ƙoƙon ibada na kuza. Tsohon abin zinariya ko azurfa kuwa dokar 1996 ta ce a kai rahotonsa cikin kwana 14. Sikotland na da nata tsarin daban.

TAMBAYA: Wani manomi ya ce tsohon rumbunsa shi ne cocin. Zai yiwu?

AMSA: Zai yiwu sosai, kuma ya kamata a fara zagaya gine-ginen da ke tsaye kafin a ari na'ura. Cocin St Peter da ke Bradwell a gaɓar Essex, ginin ƙarni na 7, ya daɗe yana rumbu, har aka fasa bangayensa na gefe domin keken shanu ya shiga, sai a 1920 aka mayar da shi wurin ibada, tabon ƙofofin na nan. Ka duba ko ginin ya miƙe gabas da yamma, ko akwai babbar taga da aka toshe a bangon gabas, da ɗan gurbi mai kwano da hudar zubar ruwa a bangon kudu kusa da gabas, inda fada ke wanke kayan ibada. Wannan gurbin, idan a mazauninsa na asali yake, ya fi kowace shaida ƙarfi. Amma dutse mai ado guda ɗaya a tsakiyar bango, musamman wanda aka sa a kife ko a karkace, kwaso shi aka yi. Yana gaya maka cocin bai yi nisa ba, domin ba a son jan dutse mai nauyi zuwa nesa, sai ka sa rumbun a taswira ka duba filayen da ke kewaye da shi.